Yadda Goggo Ta Mai da Baba Baƙo a Mubi

Ni ce na fara kawo maganar hutu, kuma har yau in na tuna tsarin da na yi sai kunya ta kama ni. Likita ne ya ce jinin Baba ya hau, magani kaɗai ba zai wadatar ba, a fitar da shi ya sha iska ya ga wani wuri. A lokacin ya kusa shekara biyu a Kano, a wani ɗaki da muka kama masa bayan gidanmu, tun gudun da aka yi daga Mubi a ƙarshen 2014. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu yana taka keken ɗinki a kasuwar Mubi, wanda in ya fara ba'a sai masu guga sun ajiye aiki sun riƙe ciki, ya koma ba ya cewa komai sai "to" da "madalla". Maigidana ya saya masa keke sabo fil. Ko zare bai taɓa sa masa ba.

Duk mun san abin da ke cinsa, ba wanda dai yake furtawa. A layin teloli yana da maƙwabci, mutumin unguwar Gude, shagonsu bango ɗaya. Kawu nake ce masa tun ina rarrafe, shi ya ɗinka mini rigar makarantata ta farko, don Baba ya ce shi ba ya ɗinkin 'yan gida, sun cika ƙorafi. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin, da harbi ya fara matsowa, tare suka rufe shago. Kawu ya ce bari ya tsallaka gada ya ɗauko tsohuwarsa, Baba ya jira shi a ƙofar gidanmu a Lokuwa, inda wata motar kaya za ta kwashi mutanen layin. Baba ya jira. Direba ya yi ta danna ham, mata suna kuka, daga ƙarshe aka ja Baba aka cusa a mota. Kawu kuwa ya goya tsohuwar ya bi duwatsu da ita ta wajen iyakar Kamaru. Ita ta rayu ta dawo gida. Shi ciwo ya kama shi a can, a can aka binne shi.

Daga ranar da labarin ya iske mu Baba bai ƙara ambaton Mubi ba, kuma bai je gaisuwa ba. A wurinmu, mutum in ya dawo garinsu daga tafiya, kafin ya miƙe ƙafa sai ya bi gidajen da aka yi rasuwa a bayansa, ɗaya bayan ɗaya. A da gida biyu ne ko uku, kafin azahar ka gama. Yanzu kuwa kowane lungu akwai wanda za ka ce wa ya haƙuri, kuma a ƙarshen duka akwai wannan tsohuwa a Gude. Kowane wata da ya wuce, zuwan sai ya ƙara yi masa nauyi.

To ni malamar firamare ce, albashina an san iyakarsa. Da dogon hutun damina ya matso sai na shiga tambayar abokan aiki ina ne otal mai sauƙi a Jos ko Kaduna. Na buɗe bayan littafin darasina na rubuta: rana ta ɗaya kaza, rana ta biyu gidan namun daji, rana ta uku hutawa a ɗaki. Har jan layi na yi da jan biro. Na ji daɗin kaina ƙwarai, shi ya sa na kira Goggo in yi mata burga.

Goggo yayar Baba ce, ita ta goye shi. Ta auri wani Bafulatani na Digil, ya rasu tun ina sakandare, ta ci gaba da sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli. Tana cikin na farkon da suka koma Mubi, tun ana jin ƙaurin ƙuna a kasuwa. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ta saurare ni har na kai rana ta biyar.

"Otal?" ta ce. "Wato ki kwashe ɗan abin da kike samu ki ba wani ƙato, ya kulle mini ƙane a ɗaki kamar mai jego, ku yi ta kallon juna?"

"Hutu ne, Goggo. Haka ake yi."

"Wa yake yi?"

Gaskiya ban san ko mutum ɗaya da ya taɓa yi ba.

"Ki kawo shi nan, 'yar Kano. Ruwa ya zauna, masara ta nuna, duwatsu sun yi kore shar. Kuɗin mota kawai za ki nema."

Nan raina ya ɓaci. Ina da saurin hawa, a gidan kowa ya san wannan. Na ce mata ai ta san abin da ya hana shi zuwa, in ba za ta taimaka ba kada ta ƙara masa ciwo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Na fi ki sanin abin da ya hana shi. Kai masa wayar."

Ɓangarensa kawai na ji. "Na'am, Adda. A'a, Adda. Kwana goma? To." Da ya miƙo mini wayar, na ɗauka ta gama da shi ke nan. Daga baya na san abin da ta faɗa masa. Ba zai sauka a gidansa na Lokuwa ba, ba zai sauka a nata ba. A Digil zai sauka, can gefen gari cikin gonaki, a gidan ƙanen mijinta, a matsayin baƙon da ya zo neman lafiya. Wanda ya sauka a gidansa, shi ake jira ya fito ya bi mutane. Wanda aka saukar a gidan wani kuwa zama yake yi, a zo a yi masa sannu da zuwa. Ta yi masa alkawari ba wanda zai ce ya taka ko'ina.

Ni kuma ta ba ni nawa umarnin. Kada mu taso sai bayan sati uku, tana da shiri. Na fara lissafa mata tsarabar da zan haɗa, atamfa, sabulu, turare, ta katse ni. Ta ce tsaraba ita ke hana talaka tafiya, in auno dabino mudu biyu in rufe jaka, ba mai jiran atamfa daga hannun marar lafiya. Na ce za a ce mun yi rowa. Ta ce wanda ya faɗa a turo mata shi.

A Yola muka kwana. Washegari hanya ta yi ta cin mu, shingen sojoji bayan shinge, a sauke mu mu taka da ƙafa a sake kwasa. Sai bayan mun wuce Hong, da duwatsu suka fara tasowa ta gabas, gajimare kwance a kafaɗunsu, dawa da masara har bakin kwalta, na ga Baba ya sauke gilashin mota. Na manta ƙasarmu tana da kyau haka. Shekara biyu in an ce Mubi hayaƙi nake gani, ashe ruwan sama bai daina aikinsa ba. A tasha wani mai Keke Napep yana jiranmu da saƙon Goggo, ya bi da mu ta bayan gari, ba mu ga kasuwa ba balle layin teloli.

Baffa, mai masaukinmu, manomi ne dogo mai dariya kamar ana sauke buhu. Tun daga nesa yake ɗaga hannu yana cewa jabbama, jabbama, wato sannu da zuwa da Fulatanci. Ya dube ni ya ce, "Yarinya nan ya zama babba! Baba naka ya rame, amma bar shi, kwana uku za mu gyara shi." An share ɗaki, an shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin mangwaro, inda in ka zauna dutse ne a gabanka har sama. Aka kawo kunun gyaɗa mai zafi da tsamiya, irin wanda na yi ta ƙoƙarin damawa a Kano yana ƙi. Baba ya sha kofi biyu, ya yi barcin rana har sai da aka tashe shi sallah.

Rana ta biyu na tafka shirmena. Bayan la'asar Baba na kishingiɗe sai ga sallamar maza uku a bakin zana. Na yi wuf na fita na tare su. Na gaishe su a tsaitsaye, na ce su yi haƙuri, likita ya ce ya huta, ba a son hayaniya, su dawo wani lokaci. Har da ɗan murmushin malaman asibiti na yi musu. Suka dubi juna, dattijon cikinsu ya ce ba komai, suka juya. Ina jin kaina kamar na yi wani abin kirki, sai ga Goggo ta sauko daga keke da ƙullin ƙuliƙuli. Ta gan su, ta gan ni, ta gane. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta bi su da sauri ta dawo da su tana ba su haƙuri, wai yarinya ce, zaman birni ya ɓata ta. Sannan ta ja ni bayan rumbu.

"Kin san wanda kika kora? 'Ya'yansa biyu bai gani ba har yau. Sati uku ina lallashinsa ya fito daga gida. Ke kin ɗauka hutu shi ne a hana mutum ganin mutane?"

"Ai ban sani ba, Goggo."

"In ba ki sani ba ki zauna ki zuba ido. Je ki kawo musu ruwa."

Na kai ruwa na raɓe gefe. Dattijon ne ya fara: sannu da zuwa, ya jiki, ya hanya. Baba ya amsa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, sannan a hankali ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Aka yi addu'a, aka shafa. Sai na uku a cikinsu, wani mai guga da ya yi shekaru yana cin ba'ar Baba, ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Tela, ashe da gaske ne Kanawa ƙanshin miya kawai suke ba baƙo?" Baba ya ce ai gara Kano, a can ba mai ƙona masa riga ya ce wutar gawayi ce ta yi gardama. Aka kwashe da dariya, har dattijon. Ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka, don rabon da in ji wannan muryar tun kafin gudu.

A kwanakin da suka biyo baya na yi abin da aka ce, na zuba ido, kuma abin da na gani ya sa har gobe ba na haɗa Goggo da kowa. Sati ukun nan da ta nema, yawo ta yi gida gida, da tallan man gyaɗarta a ka. Kowane gida ta ba su ranarsu. Ba ta taɓa bari baƙi su wuce huɗu a yini ba, kuma ba kafin la'asar ba. Duk ranar da mai babban rashi zai zo, ta haɗa shi da mai barkwanci. Waɗanda ba sa ga maciji da juna ta raba musu rana. Ga kuma al'adar kwano: duk gidan da zai zo gaida baƙo, abincinsa ke riga shi isowa. Ita ta tsara wannan ma, yau tuwon jar dawa da miyar yakuwa mai gyaɗa, gobe dambu da kindirmo, jibi shinkafa da wake. Wata maƙwabciyarmu ta Lokuwa da duk layi ya san miyarta ruwa ce zalla, Goggo ta ce mata likita ya ce rake yana yi wa Baba amfani, ita ta kawo rake. Matar ta zo da ɗauri guda tana alfahari. Duk wannan babu takarda babu biro. Na taɓa tambayarta yadda take riƙewa, ta ce in na iya riƙe sunan yara sittin a aji, ita me zai hana ta riƙe garinsu.

Safiya kuwa tamu ce. Wata rana Baffa ya kai mu gona, ya karyo masara ɗanya ya gasa a kan kara, muka ci muna ƙona yatsu. Wata rana muka gangara mayo, wato rafi, Baba ya naɗe wando ya zauna a kan dutse ƙafarsa cikin ruwa, yana kallon shanu suna tsallakawa, ya fi awa bai motsa ba. Ranar kasuwa muka zauna a bakin hanya wurin mai shayi muna kallon mutanen Digil suna wucewa da gyaɗa da kuɓewa da gwaiba, wasu a ka, wasu a baro, duk wanda ya gane shi ya tsaya ya cusa masa wani abu a hannu. In hadari ya haɗo mu koma gida mu kwanta, ruwa na dukan kwanon rufi. Ban taɓa hutawa irin wannan ba, ni da na zo raka marar lafiya. Abin da na kashe bai wuce kuɗin keke da shayi ba. Fuskar Baba ta ciko, ya fara yi wa Baffa tsiya a kan ɗinkin rigarsa, wai wanda ya yi ta da ƙafa ya yanka.

Amma ina lura da shi. Duk sallamar da aka yi sai ya ɗago da sauri ya dubi bakin zana, sannan ya mayar da kai. Daga Gude ba wanda ya zo.

Ran kwana na takwas, baƙi sun watse, Goggo na ɗaure kwanukan da za a mayar, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Adda, mutanen Gude ba su ji na zo ba ne?"

"Sun ji."

"Tsohuwa ba ta fita ke nan."

"Tana fita. Jiya ma an gan ta a gidan suna." Ta ƙulle ɗaurin ta ajiye. "Ban kira ta ba, Auta. Kowa na kawo maka, wannan kam ba zan ɗora mata zuwa ba. Na yi maka alkawari ba mai cewa ka je ko'ina, kuma ban ce ba. Jibi motarku na nan."

Na ji haushinta a ranar. Na ga kamar ta gina abu kwana takwas ta sa ƙafa ta ture. Baba bai ci tuwon dare ba, washegari ma da ƙyar ya sha kunu. Na fara haɗa kaya ina ƙunƙuni. Wajen hantsi ya fito sanye da babbar riga, abin da bai yi ba tun zuwanmu, ya ce in ce wa Baffa a nemo keke. Goggo na tsakar gida tana tsince wake. Ba ta tambaye shi ina za shi ba, ta dai ce mini, "Raka shi. Kuma ki riƙe bakinki."

Muka ratsa gari, wannan karon ta tsakiya. Shagunan da aka sake wa fenti, waɗanda har yanzu baƙi ne, ɗalibai da jakunkuna, masu lemu. Da muka hau gada ya runtse ido har muka sauka. A Gude ba sai an nuna masa gidan ba. Ya yi sallama sau biyu muryarsa ba ta fita, sai ni na yi ta uku.

Tsohuwar tana zaune a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙanƙanuwa, idonta ya yi fari. Baba ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a ƙasa, ya ƙi tabarmar da aka miƙo. Ya ce, "Inna, ni ne."

Ta tsaya da ɓarar. "Wane? Tela? Kai ne ya zo?"

"Ni ne, Inna. Na zo a makare. Ya haƙuri?"

"Haƙuri na Allah." Ta miƙo hannu tana lalube har ta kama hannun rigarsa, ta riƙe. "Matso, ina da tambaya. Yaro nawa, tun mun fara hawan dutse, magana nashi ɗaya ne. Inna, na ce tela ya jira ni. Inna, tela kai nashi da tauri, zai tsaya a wurin har su same shi. Kowane dutse mun hau, sai ya juya ya duba gari. Har rana da ya kwanta bai tashi ba, shi ne yana tambaya. Mutane sun ce mini ka fita, amma ina so na ji a baki naka. Ka jira?"

Baba ya ce, "Na jira, Inna. Sannan na tafi na bar shi."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta sake faɗa har sau uku, tana jijjiga hannun rigar. "Da ka tsaya, da biyu na rasa."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar, kuma ban iya tsayawa kallo ba. Na fita waje na zauna a cikin keken, mai keke ya kashe injinsa. Sai da aka kira azahar Baba ya fito.

Washegari ni kaɗai na shiga motar Yola. Baba ya rako ni tasha da ƙafarsa, shi da Goggo, ya ce in gaida maigidana in ba shi haƙuri. Akwai sauran gidajen da bai shiga ba, kuma ba ya so a ce sai sun zo.